Sukurun Fitilar Mai Agogo

Shagona yana kallon nasu ne, ƙofa da ƙofa, a wani lungu na ƙarƙashin bene inda rana ba ta shigowa sai dai mu ji labarinta a bakin masu wucewa. Makulli nake yankawa. Aikin ba ya cin tunani, hannu ne kawai da inji, shi ya sa idona da kunnena suka daɗe da tarewa a shagon maƙwabta. Ba na neman afuwar kowa a kan haka. Duk wanda ya yi shekaru yana fuskantar ƙofar wasu a buɗe, sannan ya ce bai san abin da ke ciki ba, ku bar shi da Allah kawai.

'Yan'uwa biyu ne a shagon. Babban shi ne Mai Agogo, sa'ana kuma abokin tsokanata, ƙato mai faɗin kafaɗa da 'yan yatsu sirara kamar aro ya yi. Ƙaramin mai gyaran kayan lantarki ne, rediyo, talabijin, caja, duk abin da ke cin wuta. Mutanen lungu Injiniya suke ce masa, amma yayansa bai taɓa kiransa da komai ba sai Auta, ga shi kuwa har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Mai Agogo ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon gyara, shi ya raba shagon biyu ya ba shi ɓangaren ƙofa. Shi kuma ya koma can ƙurya, inda duhu ya fi yawa, wai ƙura ba ta isa wurin, ita kuwa ƙura ba ta ga maciji da agogo.

To, zaman ƙurya sai da fitila. Injiniya ne ya haɗa masa ita da hannunsa: ƙananan ƙwayayen fitila jere a jikin wani siririn ƙarfe da aka lanƙwasa ya sunkuyo kan tebur. Irin wannan fitila ba ta shan wutar bango kai tsaye. Akwai wani akwatin ƙarfe mai huji-huji, bai fi tafin hannu ba, wanda masu gyara ke kira fawa. Ita ke karɓar wutar bango mai kisa, ta sauke ta zuwa 'yar kaɗan, bolt sha biyu, daidai cikin fitilar. A bakin akwatin akwai jerin sukurorin da ake ɗaure wayoyi, na wutar bango a gefe guda, na fitila a ɗaya gefen. Can ƙarshen jerin kuma sai wani ɗan mitsitsin sukuru cikin farar roba, bai kai ƙwayar wake ba. Ka juya shi dama wutar fitila ta ƙaru, ka juya hagu ta ragu. A kan wannan ɗan abin da ko a ƙasa ka gan shi ba za ka sunkuya ka ɗauka ba, idon abokina ya ƙare. Har gobe ina jin haushinsa.

Wata safiya ce Mai Agogo ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya murtsuke idon, ya ce, "Auta, fitilar nan taka ta fara tsufa. Ji nake kamar a cikin rijiya nake aiki."

Injiniya ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya ɗauko mitar auna wuta. Yana da ƙa'ida: ba ya auna fawa sai tana ɗauke da kayanta, wato fitila a kunne, don a cewarsa fawar da ba a ɗora wa komai ba ko ta kusa mutuwa lafiya za ta nuna maka. Ya tsuguna, ya ɗora tsinkayen mita, ja da baƙi, a kan wayoyin fitilar.

"Gaskiyarka, Yaya. Ta sauka, sha ɗaya take bayarwa."

Ya zaro wata sukudireba mai bakin roba daga aljihun gaba, ya sa a kan ɗan sukurun. A hankali yake juyawa, idonsa a kan mita ba a kan fitila ba. Yana da wata ɗabi'a in yana aikin hankali, ɗauke numfashi yake yi gaba ɗaya, sai ya gama ya sake shi, fuu, kamar wanda ya sauke buhu. Lamba ta hau sha biyu cif, ya saki numfashin. Ni kaina daga shagona na ga teburin ya washe.

"Yawwa!" in ji Mai Agogo. Ya leƙo ya ɗaga mini gira. "Kai mai makulli, ka gani ko? Amfanin ƙane ke nan. Kai da ba ka da shi sai ka yi ta yanka a duhu."

Na ce, "Ni ai aikina ko ido a rufe sai in yi. Ku ne masu wahalar da kai a kan abin da bai kai kan allura ba."

Muka yi dariya mu uku. A ranar fitilar ce mai laifi da gaske, kuma ni a ganina nan rashin sa'ar take. Da mitar nan ta nuna sha biyu tun karon farko, da wataƙila an nemi laifin a wani wuri tun da sauran lokaci.

Ba a wani daɗe ba sai ga ƙorafin ya dawo. Injiniya ya sake tsugunawa da mitarsa, ya duba, ya canza wurin tsinkayen, ya sake dubawa.

"Yaya, sha biyu take, ba ta motsa ba."

"Au, mitarka ta fi ni sanin abin da nake gani ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ƙara. Ni ke zaune a ƙarƙashinta, ba mita ba."

Akwai wata tarbiyya da Mai Agogo ya yi wa ƙanensa tun yana koyo, na sha jin yana nanata ta. Idan mutum ya kawo abu ya ce ya lalace, kada ka tsaya gardama da shi, buɗe ka duba, don babu mai baro gidansa ya zo ya yi wa agogonsa ƙazafi. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta tara musu jama'a. Sai dai ta saba musu da neman laifi a cikin ƙarfe da waya, ba a jikin mai kawo ƙarar ba. Injiniya ya yi ɗan gunaguni cewa fitilar za ta riƙa zafi, amma ya sa sukudireba, ya ɗauke numfashi, ya ɗan taɓa. Sha biyu da rabi. Mai Agogo ya ce yawwa, ya mayar da gilashinsa.

Daga nan abin ya zama kamar shan shayin safe. A ɗan kwana biyu, a ce fitila ta dushe, a ɗan taɓa, a ce yawwa. Ni kuwa ina daga nan ina ganin abin da ba su gani ba, ko suka ƙi gani. Mai Agogo da a da sauro bai isa ya gifta ta gefensa bai sani ba, sai ga shi mai kawo gyara zai tsaya ta hagunsa har ya gaji ya yi gyaran murya kafin ya san da mutum. Idan ɗan sukuru ya kuɓuce wa hantsakinsa, ba ya bin sa da ido kamar da, tafin hannu yake shimfiɗawa yana shafa tebur. Na taɓa ce masa cikin wasa ko dai tsufa ya fara aiko da gaisuwa. Ya ce in ji da ciwon bayana.

Rannan da hantsi, Mai Agogo ya tafi sayo batiran agogo, sai ga matarsa ta shigo lungun. Mace ce mai barkwanci, in ta zo takan fara da tsokanar Injiniya, tana ce masa ƙaramin maigida, tana tambayar yaushe zai gyara mata fankar da ya karɓa tun bara. Ranar ko murmushi babu. Ta gaishe ni a gajarce, ta zauna a kan bencin masu jira.

"Injiniya, wurinka na zo. Na san ya fita."

"Lafiya dai, Anti?"

"Ina fa lafiya. Yayanka ba ya gani sosai."

Injiniya ya ajiye ƙarfen dalman da ke hayaƙi a hannunsa.

Ta ce, "Kofi in na ajiye masa a gefe sai ya ture shi. Kafaɗarsa ta hagu duk ta yi baƙi, kullum sai ya daki bakin ƙofa. Shekaranjiya a titi mai babur ya kusa kwashe shi, ya tsaya yana zagin mutum wai daga sama ya faɗo, alhali tun daga nesa kowa ke ganinsa. Na je asibitin ido da kaina na yi tambaya. Wata nas ta ce akwai hawan jinin ido, ba ya ciwo, daga gefe-gefe yake fara cin gani. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa, amma in an zo da wuri ana tsayar da shi a ceci saura."

"Kin gaya masa?"

"Na yi magana har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: fitilar shago ce ke gajiyar masa da ido, Auta zai gyara." Ta dubi ƙuryar, ta dubi akwatin nan mai huji-huji kamar ta ɗauke shi ta jefa a kwata. "Ni ban san abin da kake murɗawa a ciki ba. Amma don Allah, don darajar iyayenku, ka daina. Muddin kana murɗawa ba zai je ba."

Ya ce mata in Allah ya yarda ya daina. Na ga fuskarsa lokacin da yake faɗa, da zuciya ɗaya ya faɗa.

Gwajin bai yi nisa ba. Washegari tun kafin shayinsa ya huce Mai Agogo ya ce, "Auta, zo ka taɓa abin nan."

Injiniya bai taso ba. Kansa a cikin bayan wata talabijin ya ce, "Yaya, fitilar lafiyarta ƙalau. Har ta wuce yadda ya kamata. Ni da za ka bi tawa, da mun je an duba maka idon."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar agogunan bango. Mai Agogo ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, don a lokacin in zai kalli mutum sai ya juyo da dukkan fuskarsa.

"Ta zo nan ke nan."

"Ba ruwan Anti."

"Ni za ka gaya wa ido? Da idon nan na ciyar da kai, da shi na yi maka sutura. Yau kai ne likitana?"

Injiniya ya mayar da kansa cikin talabijin ɗin. Ranar har aka rufe shago ba wanda ya sake ce wa wani uffan, kuma a shekarun da na yi a lungun ban taɓa ganin haka tsakaninsu ba. Raina ya ɓaci, amma a zuciyata na ce gara haka, fushi ai yana wucewa.

Da safe ina goge wani makulli na ɗaga kai, sai na hangi Mai Agogo ya jawo akwatin gabansa. Ƙanensa ya ba shi baya, yana like waya. Ya ɗauki sukudirebarsa ta gyaran agogo, ƙarfe zalla tun daga baki har mariƙi, yana bin jerin sukurorin da bakinta ɗaya bayan ɗaya, yana laluben ɗan farin. Kuma ta gefen wutar bango ya faro.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Injiniya! Yayanka!"

Tsalle ɗaya ya yi ya damƙe wuyan hannun. Tsakanin bakin ƙarfen da wayar mai kisa bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

"Yaya! Nan wutar bango ce! Kashe kanka za ka yi?"

Mai Agogo bai fizge hannunsa ba. A sanyaye ya ce, "To ka yi da kanka. Ko kai ko ni, ɗaya dai sai ya juya shi."

Na sha jin masu cewa da su ne da sun yi kaza da kaza. Baki ne kawai. Mutum yana riƙe da hannun wanda ya raine shi, ya san da ya juya baya za a sake. Injiniya ya zaro sukudireba mai bakin roba, ya ɗauke numfashi, ya juya. Sha uku. Da ya saki numfashin, kamar kuka ya fito.

Abin takaicin, ita fitila ba ta son a ɗura mata abin da ya fi cikinta. Ƙarfen ya riƙa zafi har ba ya taɓuwa, farin haskenta ya koma wani fau mai kashe ido, sannan ƙwayayen suka fara mutuwa uku-uku, nan duhu can duhu kamar bakin mai giɓi. Mai Agogo ya shafa, ya ji wuraren da suka yi sanyi, sai murna kamar an yi masa albishir.

"Mai makulli, zo ka gani! Wa ya ce ido ne? Ga fitila nan tana mutuwa, ana neman a kai ni asibiti."

Injiniya ya ce, "Ƙarin da muke yi ne ke ƙona su, Yaya."

"Ka dai yarda sun ƙone."

Rabin maganar kawai ya ɗauka, rabin da ya yi masa daɗi. Injiniya ya sa sababbin ƙwayaye, ya ƙara wa ƙarfen faɗi don ya sha zafi, har 'yar fanka ya liƙa wa akwatin. Wato duk basirarsa ya zuba wajen ƙarfafa abin da ya yi alkawarin dainawa. Matar Mai Agogo ta daina shigowa lungun. In ta aiko da abinci, ko gaisuwa ba ta haɗowa da ita.

A tsakanin nan ne wata tsohuwar malamar makaranta ta kawo agogon hannu na mijinta marigayi, irin na da mai wani, wato wanda sai an murɗa masa kai yake tafiya, cikinsa duk 'yan ƙafafu ne masu haƙora da sifirin siriri kamar gashi. Ta ce ta zaga gari kowa ya ce sai Mai Agogo. Ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne, fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Da ta tafi ya ce wa ƙanensa, "Bari in gama na Malama. Ina gamawa ka kai ni su duba, ko matar nan ta bar ni in sha iska."

Injiniya ya riƙe wannan magana kamar igiya. Ni ma na riƙe. Amma aikin da a da yini ɗaya ya ishe shi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Hancinsa har yana taɓa tebur. Kuma kowace safiya sai an taɓa ɗan sukurun, don a samu a gama na Malama a tafi asibiti. Haka aka yi ta jinkirta asibiti saboda a gaggauta zuwa asibiti, kuma dukkanmu manya ne masu hankali.

Shi ɗan sukurun nan ba ya juyawa har abada, yana da iyaka. Wata rana da azahar Injiniya ya tsuguna kamar kullum, ya sa sukudireba, sai na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya dubi mita, ya dubi ƙeyar yayansa. Sai ya ɗan ɗaga bakin sukudirebar daga kan sukurun, ya murɗa hannunsa a iska. Hasken bai ƙaru da ko ƙwayar zarra ba, ina kallo.

"Yawwa," in ji Mai Agogo. "Yanzu ka yi aiki."

Injiniya ya miƙe a hankali, ya fito, ya tsallako shagona, ya zauna a kan akwatin da nake tara makullan da ba a yanka ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba mai makulli, ya kai ƙarshe. Ta kusa sha huɗu, ba sauran wurin juyawa. Ban taɓa komai ba, ya ce yawwa."

Na ce, "Na gani."

"To yanzu me zan yi?"

Na zuba masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

Malama ce ta kawo ƙarshen abin, ba da saninta ba. Mai Agogo ya samu ya haɗa agogon, da yatsu da kunne fiye da ido, har ya tashi yana tafiya. Ranar da ta zo karɓa ya goge shi da ƙyalle, ya saita shi, ya miƙe tsaye don girmamawa. Ta tsaya ta hagunsa ta miƙo hannu. Shi kuma ya miƙa agogon inda yake zaton hannun yake, ya saki.

Ƙarar ba ta da yawa. Gilashin ya tarwatse a kan siminti, murfin baya ya gangara har bakin ƙofata. Malama ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Shi kuwa yana tsaye, hannunsa a miƙe yadda ya sake shi. Mutumin da tun yana saurayi agogon wani bai taɓa faɗuwa daga hannunsa ba. Ya ba ta haƙuri da wata murya da ban san shi da ita ba, Injiniya ya tsince gutsattsarin ya ce zai kai wa wani a haɗa mata. Bayan ta fita Mai Agogo ya lalubi kujerarsa ya zauna.

"Auta, kira antinka. Ka ce mata gobe da safe."

Ban bi su ba, Injiniya ne ya ba ni labari da suka dawo. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli, shi ma da hazo a ciki. An ba shi maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage, in ya riƙu. Aikin agogo kuwa an ce ya manta da shi. Likitar ta tambaya tun yaushe ya fara jin duhu, da aka gaya mata sai ta ajiye abin rubutunta ta ce me ya zaunar da su duk tsawon wannan lokaci. Matar Mai Agogo ta juyo ta yi wa Injiniya kallo ɗaya kawai. Ya ce mini da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kwanaki shagon ɓangare ɗaya ne a buɗe. Masu kawo agogo su zo su leƙa ƙurya su koma. Agogunan bango suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya don ba mai ba su wani, har lungun ya yi wani irin shiru da ya hana ni sakewa.

Sai wata safiya ga shi ya zo, ƙanensa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce masa, "Ka ga dama ka dawo, malalaci?" Ya ce, "Na zo in ga ko ka koyi yanka makulli a bayana." Muka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba ta mutu. Kayan aikinsa ya zo kwashewa. Ya zauna a kujerarsa, Injiniya ya kunna masa fitilar don sabo, hasken nan mai zafi ya zubo a kan tebur. Ya riƙa lalubo hantsaki da ƙananan sukudirebobi yana naɗe su a ƙyalle, kowanne sai ya ɗan juya shi a yatsu kafin ya ajiye.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ranar nan da ka sa sukudireba ba ka juya ba, na sani."

Injiniya ya daskare a tsaye.

"Tun kana yaro in ka gama aikin hankali sai ka saki numfashi kamar tayar da aka sace wa iska. Ranar ban ji ba."

"To me ya sa ka ce yawwa?"

"Kai me ya sa ka yi kamar ka juya?"

Can Injiniya ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, tun yaushe ƙarin ya daina yi maka amfani?"

Mai Agogo ya daɗe yana shafa ƙyallen. "Na farkon nan na gan shi da idona. Na biyu ma kamar na gani. Sauran kuwa, in na ji ka taso, ka tsuguna, ka taɓa, sai in ce wa kaina to, yau ma fitila ce. Da haka nake samu in kai yamma. Tsoro nake ji, Auta. Ina ganin muddin akwai abin da za ka juya, ban makance ba tukuna." Ya ɗaure bakin ƙyallen. "Kada ka ɗora wa kanka. Na gaya wa antinka ma. Ni na sa ka."

Na so in tsallaka in zage shi tas, in ce masa ƙaton banza mai taurin kai, ka cuci kanka ka cuce mu. Sai kawai idona ya cika da hawaye.

Mai Agogo ya ce, "Yanzu mayar da abin nan inda ya kamata. Fitila ce mai kyau, kada ta ƙone a banza. In ka saita ta ka kai teburinka."

Injiniya ya ɗauko mita, ya tsuguna, ya ɗora ja da baƙi. Ni kuwa don kada su ji abin da ke shirin fitowa daga bakina, na danna injina ba makulli a kai, ya cika lungun da ƙara. Ta cikin hawaye ina kallo. Ya sa sukudireba mai bakin roba yana juyawa hagu a hankali, idonsa a kan mita. Hasken ya yi ta sauka, zafin farin nan ya kwanta, teburin ya rage haske har inuwa ta dawo gefe-gefensa. Mai Agogo ya ɗaga fuska yana fuskantar fitilar, idanunsa biyu a buɗe, tana haska su. Na ga kafaɗun Injiniya sun sauka, ya zare sukudirebar ya mayar aljihu, ya naɗe wayoyin mitar.

Na kashe injin. Lungun ya yi tsit. Mai Agogo yana nan yadda yake, fuska a sama, yana jira.

"To me kake jira, Auta?" ya ce. "Rage ta mana."